Waiwaye: Wasan da Muka Bari a Gangaren Birik

A Yawunde harsunan gwamnati biyu ba su cika haɗa baki ba. Abin da Faransanci ya kira da wannan suna, Ingilishi zai kira shi da wancan, shi ya sa allunan ma'aikatu suke da faɗi, kowane harshe da layinsa. Amma in aka zo kan ƙwallo da gudu da tsalle, kalma ɗaya ta ishe su: sport. Jamusawan da suka fara kafa sansani a garin nan a ƙarshen shekarun 1880 ma haka take a harshensu. 'Ya'yanmu na Briqueterie, wadda muke gajartawa mu ce Birik, sun tsince ta a makaranta sun jefa ta cikin Hausa. Ka ga saurayi da sassafe yana ɗaure igiyar takalmi, ka ce masa ina aka nufa, sai ya ce, "Baba, sipor za ni." Ba zai ce maka wasa za shi ba. A kunnensa wasa na yara ne masu majina, shi kuwa abin da zai je yi babban al'amari ne, mai riga da lamba da agogo.

Da ya san asalin abin da yake taƙama da shi, da ya sassauta. Kalmar ta tsohon Faransanci ce, desport, jijiyarta kuma tana cikin Latin, inda portare ke nufin ɗauka. Manufar ita ce mutum ya ɗauke kansa daga aiki da damuwa, ya kai zuciyarsa wani wuri ta huta. Bayan Normandawa sun ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada a can, kalmomi da yawa suka tsallaka ruwa, har da wannan. A ƙarni na 14 mutanen Ingila suna cewa disport, zuwa ƙarni na 15 gaɓar farko ta faɗi a bakin jama'a. A lokacin babu ruwanta da gumi. Rawa, raha, zolaya, farauta, duk abin da aka yi don ɗebe kewa yana cikinta. Har yau a Ingilishi, mutumin da aka kayar ko aka zolaya ya tashi yana dariya, da wannan sunan ake yabonsa.

A 1618 Sarki James na Ɗaya ya fitar da sanarwa wadda ta lissafa wasannin da talakawa za su iya yi ranar Lahadi bayan an fito daga coci, irin su harbin baka da rawa da tsalle, saboda masu tsaurin addini na lokacin sun so a hana su gaba ɗaya. Duk wanda ya taɓa shan bulalar malam don ya shigo makarantar allo da jar ƙasa a gwiwa ya san rigimar tsohuwa ce, kuma ba ta ƙasa ɗaya ba ce.

Daga baya masu hannu da shuni suka kusa mallake kalmar, ta koma farauta bisa dawaki da sukuwa da cacar da ake yi a kan sukuwar. Sai makarantun kwana na Ingila suka ɗauki wasannin ƙauye suka rubuta musu doka, a 1863 aka kafa hukumar ƙwallon ƙafa a Landan. Faransawa kuwa, da suka daɗe da yar da desport, sai suka aro ta daga Ingila wajen 1828 da sabon kamanninta, har aka buɗe jarida mai wannan suna a Paris a 1854. Ta dawo gida kamar ɗan da ya tafi fatauci Gwanja tun yana yaro, ya komo da gemu da wani harshe, dangi suka shimfiɗa masa tabarmar baƙo. 'Yar'uwarta tana nan kusa da mu, a Malabo inda ake Sifaniyanci, deporte suke cewa. Sawun zamanin sukuwa ma ba sai an je Turai za a gan shi ba: a tsakiyar garin nan akwai unguwar da har yau sunanta Hippodrome, wato filin tseren dawaki.

Tsohuwar ma'anar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Wasanmu ma haka yake da faɗi. Da langa da dambe, da tashe a watan azumi, da tsokanar da ke tsakanin jika da kaka, ko taubasai, ko Bakano da Bazazzage, ko Bafulatani da Babarbare, duk wasa ne. Abin da ya haɗa su shi ne an ajiye nauyin duniya na ɗan lokaci, an ba juna damar a kayar da kai ko a yi maka dariya ba tare da an ƙulla gaba ba. Mu da muka tashi a Birik a cikin wannan muka girma, ba mu ma san yana da daraja ba.

Unguwar ta samo sunanta daga masana'antar jan bulo ta zamanin Turawa, masu ƙasa kuma, Ewondo, Ekoudou suke kiran wurin. Kakanninmu fatake da mahauta da maɗinka suka tare a nan, wasu daga Kano da Katsina da Sakkwato, wasu daga Garwa da Ngaundare. Fili dai ba mu da shi. Yawunde garin tuddai ne, duk inda ka ga wuri shimfiɗaɗɗe, ko an riga an yi gini ko kuma fadama ce. A gangare muke buga ƙwallo, kuma kowa ya san wanda ya samu ɓangaren sama ya ci rabin wasa, shi ya sa ake sauya gida in an ci biyu.

Ƙwallon ma mu ke haɗa ta. A aiki ƙaramin cikinmu shagon tela, don shi ba a iya kora: "Kawu, a taimaka mana da ƙyalle." A cusa ƙyallayen cikin tsohuwar safa, a dunƙule, a naɗe da leda, sannan a yanka tiyub ɗin keke siri-siri a yi ta ɗaurewa ta nan ta can har ta yi tauri ta fara ɗan tashi in an buga ta da ƙasa. Wanda ya iya wannan ɗauri yana da matsayi. Ko ƙafarsa ba ta san inda raga take ba, ba a barinsa a waje. In ruwan Oktoba ya sauko ta jiƙe, wanda ya sa mata kai sai ya kwana yana jin wuyansa. Duwatsu biyu su ne raga. Sandar sama babu ita sai a zuciyar kowa, don haka gardamar ko ta wuce sama ba ta ƙarewa sai wani ya rantse, kuma ba a rantsuwa a banza don malam yana iya ji. Alƙalin wasa babu. Kiran sallar magariba ke tashin mu, ko ana tsakiyar bugun fanareti.

Yaran Ewondo da na Bamileke suna gangarowa daga wajen Mokolo da Messa. Su ndamba suke ce wa ƙwallo. A wurinsu muka koyi Faransancin titi kafin na aji, su ma suka koyi Hausa, kuma kamar yadda aka saba, da zagi kowa ya fara. Da yawa daga cikin waɗanda yau muke gaisawa da su a kasuwar Mokolo da furfura a kai, a wannan gangaren muka fara sanin sunayen juna.

Gangaren yanzu gidaje ne. Lungun da ya rage kuma masu babur sun mai da shi hanya, uwa ba ta yarda ɗanta ya tsaya a ciki. Ba laifin kowa ba ne shi kaɗai. Mun yi yawa, ƙasa ta yi tsada, kowane magidanci yana son ƙara ɗakin haya. Sai dai ban ji an taɓa zama a ƙofar masallaci an ce ina yara za su yi gudu ba.

Da dare kuma langa. A rabu gida biyu, kowa ya kama babban yatsan ƙafarsa ɗaya ta baya, ya tsaya kan ɗaya. Kowane gida yana da ruwa, yaron da dole a raka shi ya kai gidan abokan karawa. In ya kai, ya sha. Sauran aikinsu su ture masu tare hanya, kuma duk wanda ya saki ƙafa ya mutu, sai ya koma gefe. Ƙarfi ba ya isa a langa. Siririn yaro mai dabara yana kauce wa ƙato, ƙaton ya tafi da nauyinsa ya sha ƙasa, kowa ya fashe da dariya har shi. 'Yan mata suna can gefe da gaɗa da carafke, tafinsu ne ke gaya wa unguwa dare bai yi nisa ba. Dattawa kuwa dara ce tasu, an haƙa gurabu a ƙasa, ana ci ana habaici. Maƙwabtanmu Ewondo suna da tasu, songo, kuma akwai tsofaffin Birik da suka ƙware a kanta har masu ita suna jin tsoronsu.

Dambe sai a rumfar mahauta. A ƙasar Hausa dama wasan 'yan fawa ne, suna bin garuruwa da kaka, suna yanka da rana suna dambe da yamma. Iyayenmu sun zo da wuƙa da sirrin yaji, abin da ya sa duk Yawunde take hawowa Birik cin tsire, wanda nan ake kira soya, amma filin dambe bai biyo su da ƙarfinsa ba. Abin da ya biyo su labari ne da kaset. A kunna Ɗan Anace yana wasa Shago, sai ka ga tsohon mahauci ya ajiye wuƙa, idonsa ya sauya. Wani daga cikinsu, Allah ya jiƙansa, yakan kira mu ya nuna mana yadda ake naɗa kara: a sa ƙyalle a dunƙulallen hannu, a bi shi da igiya zagaye bayan zagaye har wuyan hannu, wannan hannun shi ne mashi, ɗayan a buɗe shi gaba, shi ne garkuwa. Ya ce in gwiwar mutum ko hannunsa ya taɓa ƙasa an kashe shi. Muka ce, "Baba, kisa kuma?" Ya yi dariya ya ce mamacin dambe shi ke tashi ya ci tuwo da wanda ya kashe shi.

Sai babban fili ya zo. An gina filin Omnisports na Mfandena, wanda ke ɗauke da sunan Ahmadu Ahidjo, don gasar cin kofin Afirka ta 1972. Kongo ta fitar da Kamaru a wasan kusa da na ƙarshe, ta je ta doke Mali ta ɗauki kofin, gari ya yi tsit. Amma waɗannan shekarun na Yawunde ne. Canon ta ɗauki kofin zakarun Afirka a 1971 da 1978 da 1980, Tonnerre kuma ta ɗauki kofin masu riƙe da kofuna na farko a 1975, da Roger Milla a cikinta. George Weah, wanda daga baya ya shugabanci Laberiya, a Tonnerre ya buga kafin ya tafi Monaco a 1988. Kowane gida a Birik ya rabu, wa ɗan Canon, ƙane ɗan Tonnerre. A ƙafa muke zuwa Mfandena, mai kuɗin tikiti ya shiga, marar shi ya jira a buɗe ƙofa kusa da tashi.

Amma wasan da ya fi shiga jinin unguwarmu shi ne in Kamaru ta haɗu da Najeriya. A Maris na 1984 aka yi wasan ƙarshe na kofin Afirka a Abidjan. Talabijin bai fara aiki a ƙasar nan ba sai shekarar da ta biyo, don haka rediyo ne. An cika shagon wani tela, an tsayar da kekuna, wasu a bakin ƙofa, wasu a kan tulin yadi. A kujerar da ta fi kyau akwai wani Alhaji, dillalin shanu, wanda ya shekara da yawa a Yawunde amma har ya rasu in ya ce gida Kano yake nufi. Muda Lawal ya fara ci wa Najeriya. Alhaji ya gyara hula ya dubi 'ya'yansa da jikokinsa, waɗanda duk a Birik aka yanke musu cibiya, ya ce, "To, yara, a kawo muku ruwa?" Ba wanda ya tanka. Kafin hutu Ndjeya ya rama. Can kusa da tashi Abega, wanda ake kira Dakta, ya ƙara, Ebongué ya rufe da ta uku. Ƙaramin jikan ya ɗebo ruwa a moɗa, ya durƙusa gaban kakansa da ladabi ya ce, "Alhaji, ga ruwan." Shagon ya kece. Alhaji ya karɓa ya sha, ya zaro kuɗi ya ce a je a sayo wa kowa tsire.

Haka aka ci gaba. A 1988 a Kasablanka Kamaru ta sake ci da fanaretin Kundé, bayan an soke ƙwallon Henry Nwosu. A 2000 a Legas aka tashi biyu da biyu, aka je bugun fanareti, ƙwallon Ikpeba ta bugi sandar sama ta faɗo, alƙali ya ce ba ta shiga ba, Rigobert Song ya ci wa Kamaru ta ƙarshe. Har yau in ka ambaci Ikpeba a majalisar dattawan Birik ka tayar da zaune tsaye. Ku tuna kuma a shekarun nan ƙasashen biyu suna takun-saƙa kan Bakassi, har sai da kotun duniya ta yanke hukunci a 2002. A wasu wurare kallon ƙwallon da zafin rai aka yi shi. A wurinmu, da yake rabin dangi suna can rabi suna nan, ya zama wasan taubasai. Wanda aka ci shi ke ciyarwa.

Yanzu muna da abin da iyayenmu ba su yi mafarkinsa ba. A Warda, maƙwabciyarmu, ga zauren wasanni na Palais des Sports da Sin ta gina aka buɗe a 2009. A cikinsa 'yan matan Najeriya suka ɗauki kofin ƙwallon kwando na Afirka a 2021. A Tsinga, Samuel Eto'o ya hau kujerar hukumar ƙwallon ƙafa a Disamban 2021. A Olembe ga fili mai ɗaukar mutum 60,000, inda turmutsitsi ya kashe mutum takwas a ƙofa ranar 24 ga Janairun 2022, Allah ya kiyaye gaba. Gine-gine sun ƙaru, kallo ya ƙaru, amma ka ƙirga 'yan matan Birik da suka taɓa riƙe ƙwallon kwando, ko samarin da suka yi gudun da ya sa su haki a makon nan.

Ba ina ƙyashin sana'a ba ne. Vincent Aboubakar ya taso daga Garwa, ya bi ta Coton Sport, ya ci ƙwallon da ta ba mu kofin Afirka na 2017 a kan Masar, ya ci Brazil a 2022, kuma duk wani ɗan arewa ya ji daɗi. A Nijar tun 1975 ake gasar kokawa ta ƙasa, zakara ya ɗauki takobi, mahaifarsa ta yi alfahari. A Najeriya an shigar da dambe da kokawa da langa cikin bikin wasanni na ƙasa, dambe kuma ya samu 'yan kallo a intanet har ƙasashen da ba su taɓa jin kalangu ba. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Abin da ke damuna shi ne yaron da ke buga ƙwallo yana ɗan shekara goma, idonsa ba ya kan ƙwallon, yana kan Turai. Mun san gidajen da suka sayar da fili suka ba wani mai cewa shi wakili ne, yaro ya ƙare a wata ƙasa ba ƙungiya ba kuɗin dawowa, kunya ta hana shi kiran gida.

Ga kuma cacar waya. A ɗakin kallo za ka ga saurayi ƙungiyarsa ta ci amma ransa a ɓace, domin ya sa kuɗi za ta ci uku ta ci biyu. Wannan bai huta ba. Ya shiga da damuwa ɗaya ya fito da biyu. Ba zai iya ɗebo wa kowa ruwa a moɗa ba, in kuma aka ɗebo masa, faɗa za a yi.

Inda tsohon abin ya ɓuya, ga mamakina, shi ne wurin magidanta. Duk Asabar da Lahadi da sassafe, a filayen makarantu da duk wani sarari da ya rage a Yawunde, akwai ƙungiyoyin da ake kira deux-zéro, wato biyu da nema, daga tsohuwar ƙa'idar cewa wanda aka ci biyu ya fita wasu su shiga. Direba da malamin makaranta da ɗan kasuwa da ma'aikacin banki, masu tumbi da masu sanƙo, su yi ta haki a bayan ƙwallo ba mai kallonsu. In an tashi a zauna a ci abinci tare, a yi wa wanda ya zubar da ƙwallo a gaban raga tsiya, a tara kuɗin asusu, a ci tarar wanda ya yi zagi. In ɗaya ya yi rashi ko haihuwa, su ne a sahun gaba. Namu na Birik suna ciki, su shayi suke sha a inda wasu ke shan abin da suke sha, kuma ba wanda ya damu. Wasu kuma suna hawa wajen Dutsen Fébé da Parcours Vita su miƙe ƙafa, har da matanmu da hijabinsu, yawanci bayan likita ya ambaci hawan jini ko sukari. Sai mun kai arba'in, jiki ya fara kai ƙara, muke komawa ga abin da muka hana yara wuri su yi.

A hutun Babbar Sallah da ta wuce wani maƙwabcina, tsohon tela, ya gaji da ganin jikokinsa sun haɗa kai a kan waya ɗaya. Ya tattara su a tsakar gida, ya sa aka kwashe igiyar shanya, ya naɗe ƙafar wando ya kama babban yatsansa ya ce zai nuna musu langa. Tsalle biyu ya yi ya zauna daɓas, matarsa tana daga ƙofar ɗaki tana cewa, "Malam, ka rufa mana asiri, kuɗin ɗori ba mu da shi." Yaran suka yi ta dariya, amma sun ga yadda ake yi. Kafin la'asar sun rabu gida biyu, 'yan mata ma sun shiga, yaran gidan haya na kusa, 'yan Bamileke, sun tsallako. Washegari da na leƙa sun riga sun yi mata gyara irin nasu: sun ja layi da gawayi, suna ƙirga ci da Faransanci, sun naɗa wata yarinya alƙaliya, ta yanko kwalin sukari ta shafa masa launi tana ba mutane katin gargaɗi. Kakan yana kan tabarma da man zafi a ƙugu yana ta faɗa cewa a langa ba a ba da kati. Ta ɗaga masa ja.